Katin Godiya da Kuɗin Tuntuɓar Ƙanena

Anti Maxine,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar huɗu ga Yuli ta riske ni ban san inda zan sa kaina ba. Na fi shekara ashirin ina karanta filin nan, wani lokaci har dariya nake yi wa masu rubuto miki, ina cewa me ya haɗa jarida da sirrin gidan mutum. To, yau ga ni. Na canza sunayen kowa, duk da na san garinmu ƙarami ne, wanda ya sani zai gane.

Shekaruna sittin da bakwai. Talatin da ɗaya daga ciki na yi su ne a ofishin albashi na kamfanin cukun garinmu, a nan jihar Wisconsin ta Amurka, kafin na yi ritaya. Ƙane ɗaya gare ni, zan kira shi Arlen. Mahaifiyarmu ta rasu yana ɗan shekara takwas, ni ina da sha tara, don haka a hannuna ya tashi. Yanzu yana sayar da injinan noma, ya yi zango biyu a majalisar gunduma, ga fara'a ga daɗin baki, kowa nasa ne. Ina son yaron nan, Anti. Ki riƙe wannan a ranki, don abin da zan faɗa a gaba ba zai yi kama da maganar mai so ba.

A watan Janairu ya kafa kwamitin tuntuɓa, wai yana auna ko zai nemi kujerar majalisar wakilai ta tarayya a zaɓen baɗi. Ya zo har gida, ya zauna a kicin ɗina ya ce, "Yaya, a duniyar nan ba wanda na yarda da shi kan kuɗi sai ke. Ki riƙe min littafin." Ba zan ɓoye miki ba, kaina ya kumbura. Washegari na buɗe wa kwamitin asusu na daban a banki, na sayi sabon littafi, na shiga rubuta duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita, har kuɗin man mota.

Tare da kwamitin sai ga wani ɗan gaye daga Madison, babban birnin jiharmu, sunansa Colton, mai ba shi shawara kan kamfen. Waya biyu yake yawo da su, haƙora farare tas, kuma "Mama" yake ce min, alhali ban haife shi ba, ban kuma roƙe shi ba. Shi ya koya wa Arlen cewa muddin bai furta da bakinsa cewa ya tsaya ba, to shi ba ɗan takara ba ne, ba sai ya yi rajista ba, ba sai ya kai wa hukumar zaɓe ta tarayya rahoton komai ba. Tun daga nan ƙanena bai sake buɗe baki ba sai da "idan". Idan na tsaya, idan jama'a sun ga dama, idan iyali sun amince. Ranar cin abincin Ista matarsa ta miƙa masa kwanon dankali ta ce, "Ranka ya daɗe, idan ka gama tuntuɓa ka yanke shawarar ci, ga shi nan yana hucewa." Duk muka kwashe da dariya, har da ni, don a lokacin ban ga abin damuwa ba.

Mako guda bayan nan Colton ya kawo min ambulan ɗaya. Takardun ceki goma sha ɗaya ne a ciki, kowace dala dubu uku cif, duk an rubuta su cikin kwana huɗu, kuma duk daga ma'aikatan kamfanin cukun da na bari. Anti, wani ma'aji daban zai ga sunaye ne kawai. Ni kuwa mutanen nan ni nake lissafa musu albashi. Na san wanda ake cire wa kuɗin ciyar da 'ya'ya, na san wanda ke zuwa roƙon a ba shi rabin albashi kafin ƙarshen wata. Akwai direban motar ɗaukar kaya a ciki. Akwai wata baiwar Allah da zan kira Verna, mijinta ya rasu, aikinta naɗe cuku a leda, wadda na taɓa gani tana kuka a ofishina saboda tukunyar ɗumama gidanta ta mutu a tsakiyar sanyi. Ina Verna ta ga dala dubu uku ta bayar don wani ya je ya auna farin jininsa?

Shi kuwa mai kamfanin, Mista Ziemer, tun farko ya riga ya ba da iyakar abin da doka ta yarda mutum ɗaya ya bayar. Na yi masa aiki shekara talatin da ɗaya, ban taɓa ganin ya saki kwabo bai san hanyar da zai dawo masa ba. Na yi zargi, amma na lallashi kaina. Na ce ƙila son Arlen suke yi, ƙila abubuwa sun gyaru tun bayan barina aiki. Na kai takardun banki.

Daga nan sai na yi abin da mahaifiyarmu ta koya min, wato duk wanda ya ba ka abu ka rubuta masa katin godiya da hannunka. Colton ya ce ba a wannan yanzu, saƙon waya ya isa, shi zai tura. Ban saurare shi ba. Na zauna na rubuta wa kowa nasa, kuma da yake hannuna ya saba da aikin lissafi, na sa adadin kuɗin a kowane kati, don ya zama kamar rasit.

Lahadin da ta biyo, bayan an tashi daga coci muna shan kofi a ɗakin ƙasa, Verna ta ja ni wajen rataye riguna. Katin yana hannunta. Ta ce, "Haba Yaya, kashe ni kike so ki yi? 'Yata ce ta buɗe katin nan. Watan jiya ta roƙe ni ɗari huɗu ta kai jikana wajen likitan haƙori, na rantse mata ba ni da shi. Yanzu ta ga na ba ɗan siyasa dubu uku. Kwana shida ke nan ba ta ɗaga wayata." Na ce to ina ta samu? Ta waiga hagu da dama ta ce, "Ai ba kuɗina ba ne. Kyautar ƙwazo aka sa mana a albashi, manaja ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya nuna mana sunan da za mu rubuta a ceki. Har harajin da za a cire sun lissafa sun ƙara mana. Don girman Allah kar sunana ya fito, shekara biyu ta rage min in yi ritaya." Ban san lokacin da na ajiye kofin ba, na fita ban ko yi wa fasto sallama ba.

Ranar Litinin na kira Colton. Dariya ya fara yi. Ya ce, "Mama, kwantar da hankalinki. Arlen ba ɗan takara ba ne, ba wanda ke duba littafinki yanzu. Kyautar ƙwazo kuma kuɗin ma'aikaci ne, ya ga dama ya sayi kwalekwale, ya ga dama ya ba Arlen." Da na ce masa daga katin godiya maganar ta fito, sai dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Wa ya ce ki aika kati?" Bayan kwana biyu ya aiko min da takardar zama ma'ajin kwamitin kamfen na sosai, har ya manna 'yar takarda ruwan ɗorawa a inda zan sa hannu. Wai Arlen zai bayyana takararsa a faretin huɗu ga Yuli, ranar bikin 'yancin ƙasa.

Tun daga ranar komai na gani sai ya zame min hujja. Na tuna a watan Fabrairu Arlen da Mista Ziemer sun tafi kamun kifi kan ƙanƙara su biyu kacal, alhali Arlen ya tsani sanyi tun yana yaro. Na shiga ɗakin ajiyar shagonsa neman tsani, na tarar da kwalaye cike da allunan da ake kafawa a ƙofar gida, da sunansa da kujerar da yake nema ɓaro-ɓaro, babu wani "idan" a jiki. Tambarin kwalin ya nuna tun Maris aka buga su, kuma ba daga asusun da nake riƙe da shi aka biya ba. Abin kunya, har fakawa na yi a tsallaken shagonsa sau biyu, ina cikin mota ina kallon masu shiga da fita, kamar wata 'yar sandan ciki.

Abin da ya fi ci min rai shi ne wannan: ya zaɓe ni ne don ya yarda da ni, ko don garin nan ya yarda da ni? A nan in aka ce ni ke riƙe da littafi, ba mai sake tambaya. Ko kuwa ya lissafa cewa Yaya ta tsufa, kuma Yaya ba za ta taɓa tona shi ba?

Za ki ce in tambaye shi. Na yi niyya, ranar Juma'a wajen cin soyayyen kifi. Kafin in buɗe baki ya dube ni ya ce, "Yaya, kin rame fa. Littafin nan yana wahalar da ke ne? In kin gaji ki faɗa, Colton yana da wanda zai karɓa." Har yanzu ban san ko tausayi ne ko kora ce cikin ladabi ba. Na haɗiye maganata, na ce masa lafiyata ƙalau.

In na sa hannu, ina tsoron na sa sunana kan ƙarya. In na ƙi, na kunyata shi ana saura 'yan kwanaki ya hau motar fareti a gaban gari. In na kai ƙara, na jefa Verna da mutum goma cikin masifa, na kuma rusa ƙanena da hannuna. Gaskiya ne abin da Colton ya faɗa, cewa doka ba ta shafi mai tuntuɓa? Kuma ni, me ya same ni da nake zargin jinina haka?

Taki,
Yayar Mai Tuntuɓa

*

Yayar Mai Tuntuɓa,

Da farko dai ki mayar da biro cikin aljihun tebur. Kada ki sa hannu a takardar nan yau, kada ki sa gobe, sai an warware abin da ke cikin ambulan ɗin can.

Ni ba lauya ba ce, amma wannan ba ɓoyayyen ilimi ba ne. Colton ya gaya miki rabin gaskiya, ya riƙe rabin da ya fi muhimmanci. Gaskiya ne mai tuntuɓa ba sai ya yi rajista ko ya kai rahoto ba, muddin da gaske aunawa yake yi. Sai dai kuɗin da zai karɓa a wannan zango dole su kasance irin waɗanda doka ta halatta wa ɗan takara. Iyakar da aka yanka wa mutum ɗaya tana nan daram. Kuɗin kamfani haramun ne. Bayar da gudunmawa da sunan wani haramun ne ga mai kuɗin, da wanda ya ara sunansa, da wanda ya karɓa yana sane. Ranar da ƙaninki ya zama ɗan takara kuwa, duk abin da aka tara aka kashe tun Janairu zai shiga rahoton farko, kuma ma'aji ne ke sa hannu ya ce daidai ne. A watan Afrilu kina da zato ne kawai. Tun ranar da Verna ta yi miki magana kin zama mai sani, kuma nan ne ma'aji yake ɗaukar laifi a kansa.

Zancen kwalekwale kuma ki bar shi inda kika ji shi. Kyautar da manaja ya biyo ta yana nuna sunan da za a rubuta a ceki, har da cikon haraji, ba ta taɓa zama ta ma'aikaci ba.

Yanzu bari in tsaya wa Arlen kaɗan, don kin yi masa shari'a ba ya nan. Me kike da shi a kansa? Ya je kamun kifi da mai kuɗin gari, abin da duk mai sha'awar kujera yake yi ko da haƙoransa na kaɗawa don sanyi. Ambulan ɗin daga hannun Colton ya fito, ba daga nasa ba. Ana samun masu neman takara da ba su san komai game da kuɗinsu ba sai jimilla, wasu don sakaci, wasu don an hana su sani da gangan. Kuma mutumin da ke shirin ɓoye kuɗin kamfanin cuku, da wuya ya ɗauko mace ɗaya tilo a gundumar da ta san albashin kowane ma'aikacin wurin ya damƙa mata littafi. In dabara ce, to dabarar wawa ce, ke kuma ba ki kwatanta min wawa ba.

Duk da haka ba zan wanke shi tas ba. Allunan can suna nuna mutumin da ya daɗe da yanke shawara yana ci gaba da cewa "idan", kuma hukuma ba kalmar baki kaɗai take dubawa ba, tana duba abin da mutum ya aikata. Wanda ya biya kuɗin buga su ma tambaya ce da dole ta samu amsa, ta kuma shiga littafi. Maganar da ya yi miki ranar Juma'a ita ma ban ji daɗinta ba. Tana iya zama tausayi, tana iya zama saƙon Colton ne ya fito ta bakinsa.

Ga abin da nake so ki yi. Cikin makon nan ki nemi lauya mai aikin dokar zaɓe, naki na kanki, ba wanda Colton zai turo ba. Ki tafi masa da kwafin komai, ki kuma rubuta abin da Verna da Colton suka faɗa miki da ranakun, tun ba ki fara mantuwa ba. Kada a taɓa dala dubu talatin da ukun nan. Akwai ƙa'idar mayar da kuɗin da aka gano ba su halatta ba, kuma tana da wa'adi, don haka kada ki ja ƙafa. Amma kada ki ɗauki ceki ki mayar wa ma'aikatan da kanki, lauya ne zai faɗa miki inda kuɗin za su koma da kuma ko ya kamata kwamitin ya kai kansa gaban hukuma. Wanda ya kai kansa ya fi samun sassauci a kan wanda aka kamo.

Verna kuma kada ki yi mata alkawarin da ba za ki iya cikawa ba. Sunanta yana kan ceki, kuma in aka bar abin yadda yake, sunan nan da adadin kuɗin za su fito a rahoton da kowa zai iya karantawa. Shirunki ba zai ɓoye ta ba. Ki gaya mata haka a hankali, ki ce ita ma ta nemi shawarar lauya, ki tuna mata cewa wadda aka tsare a wurin aiki aka nuna mata inda za ta rubuta ba matsayinsu ɗaya da wanda ya ƙulla abin ba. Da ƙaninki ma ba sai kin ambaci sunanta ba. Takardu sha ɗaya masu adadi ɗaya daga ma'aikatan kamfanin cuku sun isa magana.

Kin tambaye ni me ya same ki. Ba abin da ya same ki sai sanin aikinki. Laifinki ɗaya ne: kin tuhumi Colton, kin bincika kwalaye, kin yi gadin shago daga cikin mota, kin rubuto wa baƙuwa a jarida, amma mutum ɗaya da ke da amsar kin ce masa lafiyarki ƙalau. Na gane dalili. Muddin ba ki tambaya ba, kina da sauran damar cewa bai sani ba.

To ki kira shi gidanki, shi kaɗai, wayarsa a mota. Ki jera masa kwafin takardun, ki tambaye shi kai tsaye ko ya san kuɗin nan na Mista Ziemer ne. Sannan ki yi shiru, kada ki taya shi neman uzuri, don na lura kin ƙware a wannan. In ya girgiza ya ce a gyara, to kin cece shi tun bai hau motar fareti ba, kuma shi da kansa zai san abin yi da Colton. In ya shiga kwana-kwana, ko ya ce a bari sai bayan huɗu ga wata, ki rubuta takardar ajiye aiki, ki miƙa littafin ta hannun lauyanki. Zai yi fushi, ƙila ya daɗe bai taka ƙofarki ba, kuma zai yi miki ciwo ƙwarai. Ba zan rage miki wannan ba.

Ina yi miki fatan amsar da zai ba ki ta zama wadda kike addu'ar ji. In kuma ba ita ba ce, Allah Ya ba ki ƙarfin duban ƙaninki ido da ido, ki ce masa kina son sa, kuma ba za ki sa hannu ba.

Anti Maxine